Kason Duna

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na rantse ba zan manta ba, amma makonnin da na yi ina jinyar wani tsohon kare a gidana a Dutse, waɗannan kam sai ranar da ƙasa ta rufe idona. Ni da ko daga nesa na hango kare sai na sake hanya, ni ce na wayi gari ina dama wa kare kunu, ina fifita masa ya huce.

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu ne. Ina koyarwa a wata firamare, maigidana yana aiki a sakatariya. Babana mafarauci ne, a wani ƙauye ta wajen Kafin Hausa, kuma yana da amini da suke shiga daji tare tun suna samari. Da aminin ya rasu ya bar baƙin karensa mai suna Duna, magada suka raba komai, ba wanda ya waiwayi karen. Ya koma yawo a bakin kasuwa yana cin abin da mahauta suka yar, ana jifansa har ya fara ɗingishi. Wata ranar kasuwa Baba ya gan shi, ya kwance igiyar buhunsa ya ɗaura masa, ya jawo shi gida. A lokacin ma ya tsufa. Sunan Duna ne kawai ya rage, bakinsa duk ya yi furfura.

Da Allah ya nufi Baba da aikin Hajji, yayyena maza suka ce su kam ba za su zauna da kare ba, kowa a lokacin yana ta gyara gidansa kada a ce da shi wani abu. Baba bai yi musu da kowa ba. Sai ganinsa na yi a ƙofar gidana, ya sauko daga bayan akori-kura, kare a hannu ɗaya, tsohon kasko a ɗaya hannun.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "riƙo na kawo miki."

"Baba, mutane riƙon jikoki ake kawo musu, ni kare?"

"Jikokin suna da iyaye. Wannan ba shi da kowa sai ni. Ki riƙe mini shi in dawo in same shi."

Wa ya isa ya ce wa Baba a'a, ana saura kwanaki ya tashi? Na karɓi kaskon, maigidana ya karɓi igiyar yana ta ƙunshe dariya. Muka yi masa wuri a bayan gida, gindin darbejiya. Maƙwabta kuwa suka samu abin faɗa. Wata ta aiko a gaya mini mala'iku ba sa shiga gida mai kare. Maigidana ya tambayi limamin unguwarmu, ya ce karen farauta ba laifi, a dai kula da tsarki. Na ware masa kwanonsa da bokitinsa, na bar masu magana da maganarsu.

Ba a jima ba na lura karen nan ba lafiya gare shi ba. Zan cika masa kasko, kafin in juya ya shanye, sai fitsari fari tas kamar ruwan da ya sha. Ga rama, ga wani wari da ke fita daga bakinsa. Maigidana ya ari mota muka kai shi asibitin dabbobi. Likitan ya buɗe bakinsa, ya ja fatar wuyansa ta ƙi komawa da wuri, ya girgiza kai. Ya ce ƙoda ce, ta daɗe da gajiya, kuma ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa ta. Kada ruwa ya yanke masa, kada ya ci gishiri ko kanwa, nama kuwa a nisanta shi da shi, musamman kayan ciki, sannan a riƙa yi masa ƙarin ruwa lokaci-lokaci.

Na ce, "Likita, mai shi yana Makka. Zai kai ya dawo?"

Ya ce, "Malama, in kika kiyaye, ina sa rai. Amma rai na Allah ne."

Daga ranar na zama ma'aikaciyar Duna. Kafin in tafi makaranta in dama masa kunu, in na dawo in dafa masa shinkafa fara ba gishiri. Yakan shinshina, ya ɗago ya kalle ni, irin kallon da baƙo ke yi wa tuwon da ba miya, sannan ya daure ya ci. Ranar ƙarin ruwa maigidana ya riƙe kai, ni in riƙe jakar ruwan sama har hannuna ya ƙage. Ban san ranar da tsoro ya bar ni ba. Na dai tsinci kaina ina zama kusa da shi da yamma ina duba littattafan yara, ina ba shi labarin wanda ya ci sifili. Ya ɗan murmure, har yana rako ni bakin ƙofa. In mota ta tsaya a layinmu kuwa sai ya miƙe da ƙyar ya kafa kunne, in ya ga ba Baba ba ne ya koma ya kwanta.

Sai Babbar Sallah ta zo. Na yi ta kaffa-kaffa, ko ruwan wankin nama ban bari an zubar ta bayan gida ba. Washegari da hantsi aka yi sallama. Sarkin Baka ne na garinmu, shugaban mafarauta, tsoho tukuf, ya sha hanya a motar haya da ƙunshin leda a hannu. Bayan na durƙusa mun gaisa ya ce in kai shi wurin Duna. Yana kwance ledar ƙamshi ya cika wurin: hanta ce da ƙoda, an gasa, an barbaɗe da gishiri da yaji.

Na ce, "Ranka ya daɗe, likita ya hana shi nama. Ƙodarsa ce ba lafiya."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. "'Yata, kare ne fa. A hana kare nama, a ba shi me?"

Na yi ta bayani, ya bar ni na gama. Sannan ya ce su mafarautan garinmu ba sa kai hantar layya baki sai sun cire wa karensu kasonsa, don da shi aka sha ƙaya da rana. Marigayi aminin Baba bai taɓa fashi ba, Baba ma da ya ɗauki karen bai taɓa ba.

"Ranar da babanki zai tafi, har gida ya same ni. Ya ce ga akuya ya bari a yanka masa, in cire kason Duna in kawo da hannuna. Ya ce in bai dawo ba, kada ya tarar da amininsa a lahira ya tambaye shi ya rasa amsa. Yanzu ke kike so in koma da shi?"

Baba ya bar sallahun nan ne bai san abin da likita zai faɗa ba, kuma lokacin ba wayar hannu balle in tambaye shi. Ga amanar da ya ba ni, ga wadda ya ba tsohon nan, duk daga bakin mutum ɗaya. Kafin in ankara, Duna ya riga ya miƙe. Wallahi tun da ya zo gidana ban taɓa ganin jelarsa ta kaɗa haka ba. Sarkin Baka ya tsuguna yana yi masa kirari irin nasu, yana miƙa masa yanka bayan yanka, karen yana karɓa a hankali kamar mai jin kunya. Ya cinye tas, ya lashe ledar, ya ɗora haɓarsa a ƙafar tsohon. Ni kuwa na koma ɗaki na yi kuka.

Kwana biyu bayan nan amai ya fara. Ya daina kallon kunu, daga baya ruwan ma sai na ɗiga masa da cokali. Likita ya zo har gida ya yi abin da zai iya. Na tambaye shi ko naman ne, ya ce ƙodar da ma ta zo ƙarshe, naman dai bai taimaka ba. Kullum kunnena yana kan rediyo ina jiran a faɗi jirgin alhazanmu. Nakan zauna kusa da shi in ce, "Duna, daure mana, ya kusa." Ya daure iyakar ƙarfinsa. Ranar da aka sanar jirginsu Baba zai sauka Kano washegari, na dawo daga makaranta na tarar da shi a bakin ƙofa, ya ja jiki tun daga gindin darbejiya, fuskarsa na kallon titi. Jikinsa da sauran ɗumi. Maigidana ya haƙa rami a bayan gida muka rufe shi.

Baba bai wuce ƙauye ba, inda jama'a ke jiransa da barka da sauka. Daga Kano gidana ya fara zuwa, da farar jallabiya, ya rame, muryarsa ta dushe. Yana shigowa ya dubi gindin darbejiya, ya ga kasko a kife. Ya je ya tsaya kan sabuwar ƙasar ya daɗe, sannan ya zauna a wurin da fararen kayansa.

"Baba, ka yafe mini. Ban iya riƙe maka shi ba."

"Ke kika ba shi rai, Uwata?" Sannan ya ce, "Sarkin Baka ya zo?"

"Ya zo."

"Ya ci kasonsa?"

Maganar likita tana bakina. Na dubi tsohon nan da ya taho tun daga Makka da tambaya ɗaya a ransa, na haɗiye ta. Na ce, "Ya ci, Baba. Ya cinye tas, har da lashe leda, yana ta kaɗa jela."

Sai hawaye suka zubo masa, ya ce, "Alhamdu lillahi. To ba ni da abin jin kunya."

Baba ya rasu bayan wasu shekaru, bai taɓa jin sauran labarin ba, maigidana ma ya taya ni rufewa. A da na ɗauka riƙon amana shi ne ka mayar da abu yadda aka ba ka shi. Duna ya koya mini cewa mai rai ba a riƙe shi haka. Kwanakinsa ba a hannunka suke ba, abin da ke hannunka shi ne yadda zai yi su. A duk makonnin da na yi ina lallaɓa shi, rana ɗaya ce ya yi ta a matsayin karen farauta, ita ce kuma ranar da na so in hana shi. Har yau in an gasa hantar layya an miƙo mini, sai na ɗan dakata kafin in kai baki.