Ruwan da Na Zuba wa Motar Yaya Sale

A wannan makon Yaya Sale ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, direban wata tsohuwar bas da ya cire wa kujerun baya yana kai tumatirin manoman Bunkure kasuwa. Allah ya jiƙansa. Mutane na tunawa da shi da haƙuri da cika alkawari, ni kuwa da wata safiya guda nake tunawa da shi.

Lokacin ina koyarwa, ina ji da kaina, farar riga da biro a aljihu. Na roƙe shi ya rage mini hanya zuwa Kano. Ya ajiye motar a bakin kanal ɗin ban-ruwa, ya shiga gona wajen masu tsinkar tumatir. Warin ruɓaɓɓen tumatir ya ishe ni, na ɗauki bokiti na hau wanki. Ya sha gaya mana cewa a wanke jikinta yadda aka ga dama, amma kada ruwa ya taɓa abin da ke ƙarƙashin kujerar direba. Na ɗaga kujerar, na ga injin ya yi baƙi ƙirin, sai na kwara masa bokiti biyu, wai ni mai tsafta.

Aka loda kwanduna, ya murɗa makulli. Tana juyawa, amma ta ƙi kamawa.

Yaya yana da tsarinsa: kafin ya taɓa mota, sai ya tambayi wanda ya taɓa ta a ƙarshe. Ya dube ni.

"Malam, ka zuba wa injin ruwa?"

"A'a, Yaya, jiki kawai na wanke."

Ya yarda da ni, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Zafin injin ya riga ya busar da samansa, don haka ya fara daga nesa. Ya kankare kan batir. Ya shinshina, ya ce mai na zuwa. Ya zare wayar fulogi ya kusantar da ita jikin inji, ya sa aka murɗa, babu wuta. Ya zargi koyil mai ba da wutar, ya hau babur ɗin wani ya tafi Kura ya aro wata. Rana na dukan kwanduna, ruwan tumatir ya fara ɗiga ta ƙofar baya, masu kaya suna zagaya mu suna tsaki. Ina tsaye, na san inda ciwon yake, girman kai ya ɗaure mini baki.

Sai bayan azahar ya buɗe murfin distiributa, inda wuta ke rarrabuwa zuwa fulogai. Cikinsa ya yi raɓa. Ya daɗe yana kallonsa, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. Bugu ɗaya ta tashi. Bai dube ni ba. Ko da muka isa, kasuwa ta watse, rabin kayan ya lalace. Manoma biyu suka daina ba shi lodi, aka riƙa cewa motar Sale ta tsufa. Ya bari aka zagi motarsa, bai taɓa ambaton sunana ba.

Yanzu makanikai na jona wa mota na'ura ta faɗi ciwonta. Nakan yi tunanin abin da zai ce in ya gani. Ina jin zai yi dariya ya ce na'urar ta huta, tunda ba sai ta yarda da maganar kowa ba.

Motar tana nan a bayan gidansa, tayoyinta sun nutse, kaji na ƙwai a ƙarƙashin kujerar nan. Makanikan da suka zauna da shi har yau sukan fara da tambayar mai mota kafin su ɗauki sifana. Shekara shida ya ƙara a duniya bayan ranar, muna cin abinci a kwano ɗaya, kullum ina cewa gobe zan faɗa masa. Ya sani, na san ya sani, amma bai taɓa ji daga bakina ba.

E, Yaya, na zuba. Bokiti biyu.