Ranar da Usta Bayyumi Ya Ajiye Goge

Usta Bayyumi, gwanin goge, ya yi rabin rayuwarsa a ramin makaɗa, ƙarƙashin allon sinimar Hawaga Stamati a Iskandariya. Lokacin fim bai fara magana ba. Hoto ya yi ta motsi, gogen Bayyumi na gaya wa zuciya abin da za ta ji. Gefen allo kuma ga Shahata mai bayani, da sanda da jar dara, yana faɗa wa 'yan kallo wa ya ce me.

Bayyumi na hassadar Shahata, hassada tsagwaronta. Shi ke tayar da tsigar jikin mutane, amma in an fito Shahata ake saya wa shayi. Hatta matarsa Nabawiyya labarin Shahata take kawo masa gida. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: a san cewa aikinsa ne.

Da aka kawo fim ɗin mayu daga Turai, gari ya ɗauka. Mata sai tofi suke cikin wuyan riga don tsoro.

"Shahata, yau ka kashe mu," in ji wani mai sayar da wake a bakin ƙofa.

"Baiwa ce, ɗan'uwa."

"Baiwar uban wa?" Bayyumi ya ce ƙasa-ƙasa. "Za mu gani."

Washegari da la'asar, daidai inda tsohuwar mayya ke shafa man tsafi za ta tashi sama, ya ɗora gogen a cinya ya naɗe hannu. To, bari bakin Shahata ya tsorata su shi kaɗai.

Zaure ya yi tsit, sai ƙarar injin fim. Shahata ya leƙa ramin, ya rikice. Da ƙyar ya raɗa, "Ga ta nan." A cikin shirun nan raɗar ta ninka tsoro, har wata mata ta suma. Ƙarti suka shige ƙarƙashin benci.

Bayan an tashi Hawaga, mai sinimar, ya sauko ramin da kansa, baki har kunne.

"Usta, daga yau in an zo wurin nan, ka ajiye kayanka. Ka bar wa Shahata, ya fi ka sanin takansa."

Shahata ma ya zo ya sumbaci kan Bayyumi. "Allah ya bar mu tare, Usta."

Fim ɗin ya cinye damina guda ana nuna shi. Kullum in an zo wurin, Bayyumi na zaune a rami, hannu naɗe, yana jin ihun da ya ba Shahata kyauta.