Ranar da Muka Ba da Izinin Ƙona Yaya

Yayana ya shekara goma sha ɗaya a ƙasar Tailan yana cinikin duwatsun zobe da sarƙa. Sau biyu kacal ya zo gida Wurno a cikin shekarun nan. Ba a babban birnin yake zaune ba, wani ƙaramin gari ne inda ya kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa mai sayar da abinci. Yakan ce ta riƙe shi kamar ɗanta, har faɗa take masa in ya fita bai karya ba. Innarmu takan ce Allah Ya saka wa matar nan, ko da yake ba ta taɓa ganinta ba sai a hoto.

Wata Talata da safe, na shirya zan tafi makarantar da nake koyarwa, sai kira ya shigo da lambarsa. Muryar mace ce, jikar tsohuwar, mai ɗan guntun Turanci. Ta ce Yaya ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ban san yadda na isa ɗakin Inna ba. Kafin hantsi gidanmu ya cika.

Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, saboda haka magana ta koma hannun Kawu, wan Inna. Manomin albasa ne a fadama, ya haura saba'in, kuma bai taɓa sanin wani abu wai shi a tsaya a yi shawara ba. Da yarinyar ta sake kira, ni na riƙe wayar don ni ke jin Turanci, shi yana tsaye a kaina. Ta ce kakarta na tambaya, yaya muke so a yi da gawar?

"Wace irin tambaya ta wagga?" in ji Kawu. "Ki ce masu su yi mai sutura yadda sunka saba. Kada a jinkirta. Ko nawa na, mu biya."

Na fassara mata tsaf, ban rage ko kalma ba. Yarinyar ta ce mun tabbata? Na ce mun tabbata. Har wani ɗan haushinta na ji, ina cewa a raina mutanen nan ba su san darajar mamaci ba, sai jan magana.

Mu a garinmu ba a tambayar yadda za a yi da gawa, domin hanya ɗaya ce. A yi wanka, maƙwabci ya kawo likkafani, samari su ɗauki diga da shebur su nufi maƙabarta, a ɗauko makara daga masallaci. Wanda ya rasu da asuba, kafin azahar mutane sun dawo suna wanke ƙafa. Ba wanda ya taɓa miƙo mana takardar kuɗi a kan haka. Da ni mai takardar koyarwa da Kawu da bai shiga aji ba, duk tunaninmu ɗaya ne, cewa duniya kaf haka take yi.

Bayan azahar saƙo ya shigo, hoton takarda ce da yarinyar ta rubuta da hannu, kowane abu da kuɗinsa a gefe. Na fita bayan ɗaki wajen turken awaki don in karanta a natse. Akwai kuɗin akwati, da na furanni, da sadakar malaman addininsu na Buddha da za su yi karatu a wurin ibadarsu, da abincin masu zuwa. Ta ce sun saba yin kwana uku ko fiye, amma tunda mun ce a gaggauta an mayar da shi kwana ɗaya. Daga ƙasa sai na ga kuɗin man da za a hura wuta da shi, da kuɗin ɗan tulun da za a zuba toka a aiko mana. Lokaci kuma gobe da tsakar rana, wato asubar garinmu.

Sau uku na karanta layin nan. Na zauna a kan turmi. Na kira lambar, a kashe. Na rubuta saƙo a kan saƙo, ba wanda ya shiga. Can wajensu dare ya riga ya yi.

Na sa aka kira mini Kawu daga zaure. Ya zo yana ɗaure fuska, wai mata ba sa barin mutum ya karɓi gaisuwa.

"Mi anka rubuta? In kuɗɗi na, na ce maki a saida albasar rumbu."

"Kawu, ba rufe shi za su yi ba. Ƙone shi za su yi. Haka sunka saba."

Ya kalle ni kamar na zage shi. Ni kuwa baƙin ciki ya sa na manta da girmansa, na ce da ma ya tsaya an yi tambaya kafin ya yanke magana, kullum shi sai gaggawa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kada uwarki ta ji."

Akwai wani mutumin garin Rabah da suka yi ciniki tare da Yaya a can kafin ya dawo gida. Ba mu da lambarsa, Kawu unguwarsu kawai ya sani. Tsohon nan ya naɗe babbar riga ya hau bayan babur cikin ranar nan, bai ko sallami mutanen zaure ba. Ni na koma cikin mata na zauna kusa da Inna. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "An yi mai sutura?" In ce ana shiri. Wayar na ƙarƙashin mayafina, ina ta latsa ta a ɓoye. Inna tana jan carbi, ta juyo ta ce mini Allah Ya sa mutanen can sun iya wanka da kyau. Na ce amin, na tashi na fita kamar zan ɗebo ruwa.

Gab da magariba Kawu ya dawo, fuskarsa duk ƙura. Ya sami mutumin a gona. A nan bakin gonar suka kira wani ɗan kasuwa ɗan Nijar da ke babban birnin Tailan, shi kuma ya san limamin masallacin da Yaya kan je Juma'a a wani gari da ke da ɗan nisa da garin tsohuwar. An ce liman da mutanensa za su tafi da sassafe. Ko za su isa kafin tsakar rana, wannan ba wanda ya iya ce mana komai.

Ina sallame sallar asuba wayar ta yi ƙara. Yarinyar ce, tana kuka tana ba da haƙuri. Ta ce mutanen masallaci su huɗu sun iso da mota tun da safe. Gawar ma ashe ba ta bar asibiti ba, domin baƙo sai an kammala takardunsa kafin a sake shi. Ni da nake zagin zaman jiran takarda duk rayuwata, ranar na gode wa Allah da Ya halicci ofis.

Ta kuma faɗa mini abin da ya sa na ji kunya. Kakarta ta san Yaya ba addininsu ɗaya ba, tana ganinsa yana shimfiɗa darduma a ɗaki, shi ya sa ta ce a tambaye mu. Da ta ji amsarmu ta yi mamaki, amma ta ce dangi sun fi ta sanin ɗansu. Ta je wurin ibadarsu da ƙafarta ta kama masa wuri, ta biya kuɗin furanni daga aljihunta, don kada a ce ɗan gidanta ya tafi kamar marar kowa. Na ce za mu mayar mata. Ta ce kakar ta ce kada mu soma. Mutanen masallacin su ma ko sisi ba su karɓa ba.

Ranar Alhamis aka rufe shi. Ɗan Nijar ɗin ya aiko da bidiyo, muka kalla ni da Kawu a bayan ɗaki. Sahu biyu ne na mutanen da ba mu taɓa gani ba, galibinsu gajeru, da zani ɗaure a ƙugu da fararen huluna. Can nesa a bakin shinge tsohuwar tana tsaye cikin baƙaƙen kaya, ta haɗa tafin hannuwanta a ƙirji. Suka yi kabbara huɗu, suka saukar da shi a hankali, suka juya shi a kan gefen dama. Ban taɓa zaton zan ji daɗin ganin an zuba wa ɗan'uwana ƙasa ba, amma wallahi daɗi na ji, har numfashina ya sauka.

Kawu ya ce in sake kunnawa. Ya matso da kunnensa, ya saurari addu'ar da liman ke yi da wani irin harshe mai laushi.

"Sun iya," in ji shi.

Sai ya zame ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Mutumin da ko a mutuwar 'ya'yansa ban ga hawayensa ba, kafaɗunsa suka fara rawa.

"Ɗan ƙanwata," ya ce. "Da bakina nic ce a sa mai wuta."

Na durƙusa gabansa na ce, "Kawu, kai da Hausa kac ce. Ni na kai masu maganar."

Muka jima a haka. Daga baya ya share fuska da hannun riga, ya mayar da hularsa, ya ce in tashi mu shiga mu gaya wa Inna an rufe ɗanta.