Yadda Yaya Sale Ya Raba Rubutun Baba

Jama'a, yau na ga gadon da aka raba da wuƙa!

Kun san Baba, Allah Ya jiƙansa, ba ya kwanciya bai yi rubutu ba. Tun sanda Dutse ta zama babban birnin jiha har zamanin ƙaddamar da shari'a, duk abin da ya gani sai ya rubuta. Akwatin ƙarfe guda ya bari, cike da littattafai da wasiƙu. Wani malamin jami'a ya ce in mun ba su, za su adana da sunan Baba.

Yau ana rabon gado a Kiyawa na kawo maganar. Mu biyu Baba ya bari, ni da wana Yaya Sale. Ya ce, "Jami'ar nan 'yar Baba ce? Akwatin ma gado ne. Namiji kashi biyu, mace ɗaya!"

Na ce, "Yaya, ɗauki akuyar da ta faɗo rabona, ka bar min su a haɗe."

Ya kwashe da dariya. "Au, har sun kai akuya? To na ƙi."

Wallahi sai ya zaro wuƙa! Kowane littafi ya farke shi ta ɗinki, ya kasa uku. Kawunmu ya ce, "Sale, ka ji tsoron Allah!" Ya ce, "Kawu, haƙƙina nake karɓa."

Ina tattara nawa ina kuka, sai na ji ƙauri. Na waiwaya wajen murhu. Matarsa ce ke hura wuta da rubutun Baba!

Na ƙwalla ihu. Yaya ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Rabona ne, Hauwa. Zauna, tuwon ya kusa nuna."