Saura Ka Gaya wa Inna

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Haruna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya koya mana Turanci a wata sakandare da ke kan hanyar Dayi. Duk shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai kunya ta riƙe mini hannu. Bana dai na daure.

Kawu yana da wata al'ada da muke ɗauka neman wahala ce kawai. Ranar Litinin zai rubuta manyan kalmomi biyar a allo, irin waɗanda ke kayar da ɗalibai a jarrabawar fita. Ba ya karɓar hadda. Sai ka je gida ka warware wa mahaifiyarka kowace kalma da Hausa, ko da misalin masara ko na ciniki a kasuwar Bakori, har ta gane, ranar Juma'a ka kawo masa abin da ta ce. Yakan ce kalmar da ka kasa kai wa uwarka ta aro ce, ba taka ba.

Ni kuwa ban taɓa zama da Inna a kan kalmomin nan ba. A hanyar makaranta nake ƙirƙiro amsarta, ina ganin na yi wayo. Na manta ciki ɗaya suka fito, ya san bakin yayarsa sarai. Bai taɓa tona ni ba.

Da na gama jami'a aka gayyace ni jawabi a makarantar Kawu ranar ba da kyaututtuka. Iyaye sun cika rumfa, wasu daga gona suka wuto, Inna tana sahun gaba da sabon mayafi. Na yi ta ɓarin Turanci kusan rabin awa, gwano ba ya jin warin jikinsa. Aka tafa. Da na sauko, Kawu ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Madalla. Saura ka gaya wa Inna."

A gaban ɗalibansa na yi dariya, na ce wannan koyarwar ƙauye ce, duniya ta wuce wurin. Ya saki hannuna. Bayan kaka ya kwanta ciwo, ina ta cewa in an yi hutu zan je in ba shi haƙuri. A makara na same shi. Da-na-sani ƙeya ce, kuma har yau kunyar ranar ba ta sake ni ba.

Yanzu ƙamus yana cikin wayar kusan kowane yaro, a daƙiƙa ɗaya an ga ma'ana. Ina jin da Kawu yana nan ba zai yi faɗa da wayar ba. Zai dai tambayi yaron wa ya gaya wa.

Bana 'yata Hafsatu za ta zana jarrabawar fita, sai na ɗora ta a kan hanyar Kawu. Takan zauna da Inna suna ɓarar gyaɗa, tana fassara, tsohuwa tana gardama har sai ta gamsu. Abin da ya rage na Kawu ke nan, ba gida ba gona, sai wannan zama a kan tabarma.

Makon jiya Inna ta ɗago ta dube ni. "Ashe dai Turancin nan magana ce. To kai, ran nan a makarantar Haruna, me ka ce ne?"

Na shiga lalube. Kalmomin duk suna nan a kaina, amma ban sami abin da zan gaya mata ba.