Akushin Inna a Cikin Injin Wanke-wanke

Na manta abubuwa da dama a rayuwata, har da rabin ƙa'idojin nahawun da na yi shekaru ina ɗura wa 'ya'yan mutane. Amma ranar da na buɗe injin wanke-wanke a gaban matan unguwarmu, wannan kam sai dai a binne ni da ita.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Gadarif, a ƙasar Sudan. Mu biyu ne rak a gida, ni da maigidana, wanda ke da rumfar dawa a kasuwa. Wanke-wankenmu na yini bai wuce faranti biyu, tukunya ɗaya da kofunan shayi ba, aikin da mace za ta gama kafin ruwa ya tafasa. Ana nan sai ƙanena da ke aiki a Saudiyya ya aiko min da injin wanke kwanuka, fari tas, girmansa kamar ƙaramin firji. Ya ce min a waya matan can sun daina jiƙa hannu, kuma injin ba ya cin ruwa kamar wankin hannu. Duk wanda ya zauna garin nan ya san maganar ruwa ba ta wasa ba ce. Famfo sai ya ga dama yake zuwa, sauran ranaku kuwa sai a jira mai karo, wato mai sayar da ruwa a keken jaki. Don haka na rungumi wannan hujja da hannu biyu, na mai da ita darasi.

Maigida ya kira mai gyara ya haɗa injin da tankin ruwa. Da aka gama, ya zagaya shi sau ɗaya, ya leƙa cikinsa, ya tuna min a hankali cewa mu biyu ne fa a gidan. Na ba shi amsa cewa ci gaba ba ya ƙirga kawuna. Bai ja ba. Ɗan kasuwa ne, ya san lokacin da ake barin mai ciniki ya tafi.

Ba a jima ba na gano abin da ƙanena bai faɗa ba. Injin yana rage ruwa, gaskiya ne, amma sai idan an cika masa ciki. Faranti biyu a cikinsa kamar ɗalibai biyu ne a ɗakin jarrabawa. Sai na fara tara kwanuka. Na fito da tangaran na aure daga kabad, muna ci a sabo kullum, wanda aka ɓata kuma ya shiga injin ya jira 'yan'uwansa. Ni da uwata ta rena a kan cewa kwano ba ya kwana da ƙazanta, sai ga ni ina kwanar da su da gangan. Amma injin yana da ƙofa, kuma na lura kunya ba ta cika damun mutum a kan abin da ya rufe ba.

To, a ɗaya gefen unguwar akwai surukata, Inna. Ba mu taɓa faɗa ba, ba mu kuma taɓa sakewa da juna ba. Sauran matan 'ya'yanta tana kiransu "'yar nan", tana aikensu, tana yi musu faɗa. Ni kuwa Ustaza, wato malama, take ce min, a shimfiɗa min darduma kamar baƙuwa. Mutum zai ɗauka girmamawa ce. Ni na san katanga ce, kuma tana ci min rai fiye da yadda nake nunawa.

Inna tana da wani akushi baƙi wul, mai sheƙi kamar an shafa masa kwalli. Kakarta ce ta ɗauko shi daga ƙasar Hausa a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Suka tsaya nan noma don neman guzuri, guzurin ya zama zama, akushin ya bi hannun mata har ya iso gare ta. A ciki ta ciyar da mijinta har ya rasu. Ba ta bari kowa ya wanke shi. Da kanta take ɗauraye shi, ta goge, ta shafe shi da man shanu, ta kife a inuwa.

Wata Juma'a maigida ya dawo daga masallaci, ya biyo ta gidan Inna, sai ga shi ya shigo riƙe da akushin nan da hannu biyu, an rufe da faifai. Asida ce, tuwon nan garin, da miyar busasshiyar kuɓewa. Ya ajiye a gabana ya ce wai Inna ta ce a kawo min. Ya ƙara da cewa tun da yake bai taɓa ganin akushin nan ya tsallake ƙofar gidansu zuwa gidan wani ɗanta ba. Na gane abin da ake nufi. Ba sai an fassara min ba.

Yaron goye ma ya san abin da ya kamata: a wanke shi nan take, a zuba wani abu a ciki don ba a mayar da kwano wayam, in ɗauka da kaina in kai kafin magariba. Sai dai na riga na gayyaci maƙwabta shan jabana, wato gahawa, ranar Litinin don su ga injin yana aiki, kuma layin ƙasa na injin akwai wani gurbi babba da ya ƙi cika. Na gwada akushin a wurin. Ya zauna daram kamar don shi aka auna. Na ce a raina, zan mayar wa Inna da shi da irin tsabtar da bai taɓa gani ba tun fitowarsa ƙasar Hausa. Wannan alkawari kam na cika shi. Washegari maigida ya tambaya ko an mayar, na ce masa yana hanya.

Ranar Litinin mata suka cika tsakar gida. Aka soya bunnu, 'ya'yan gahawa, ƙamshi ya tashi, ni kuma na tsaya gaban injin kamar gaban allo. Na yi bayanin ruwa, na yi bayanin zafi da ƙwayoyin cuta, na kwatanta hannun ɗan Adam da na'ura, hannu ya faɗi jarrabawa. Na zuba sabulunsa, na zaɓi wanki mafi zafi, don baƙi su ga iyakar gwaninta, na danna.

Wata maƙwabciyata mai barkwanci ta ce, "Ustaza, in ya gama ki ba ni aronsa, akwai yara huɗu a gidana da ba su ga ruwa ba tun Juma'a."

Aka yi dariya. Injin ya yi ta gurnani, muka sha kofi na farko, na biyu, na uku. Wata dattijuwa, ƙawar Inna ce tun ƙuruciya, ta ce a tsawon lokacin nan da ta wanke kwanukan biki har ta kishingiɗa. Na yi mata murmushin da nake yi wa ɗalibar da ta makara a fahimta.

Da ya tsaya na buɗe. Tururi ya bugi fuskokinmu. Na jawo layin sama, kofuna suna walƙiya, mata suna karɓa suna ɗagawa a rana suna masha Allah. Zuciyata ta yi fari. Sannan na jawo layin ƙasa.

Da farko ban gane shi ba. Abin da na gani wani itace ne fari-fari, toka-toka, busasshe kamar ƙashin da ya daɗe a daji. Baƙin nan da sheƙin nan, man da hannuwan mata suka yi ta shafawa tun daga kakar Inna, duk sun bi bututu. Daga baki har gindi kuma ga tsaga, wadda za ka iya hango haske ta cikinta. Dattijuwar nan ta miƙo hannu ta karɓa, ta juya shi, ta shafa wata 'yar shaida da ke gefensa.

"Wannan ba akushin Hajja ba ne?"

Hajja suke kiran Inna. Na ce shi ne. Ta dubi ɗan guntun busasshiyar miya da ya maƙale a tsagar, ta tambayi yaushe aka aiko shi. Ƙarya ba ta zo min ba. Na ce Juma'a. Ɗaya bayan ɗaya suka tuna suna da tukunya a wuta.

Da la'asar na zuba dabino a ciki, na naɗe da kyalle, na nufi gidan Inna. Tafiyar ba nisa, amma na tsara jawabi mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa. Na same ta a rumfa tana tsince riɗi. Labari ya riga ni, na gani a yadda ba ta yi mamakin ƙunshin ba. Na durƙusa na kwance, na fara: "Inna, injin ne ya..."

"Shi injin," ta ce, ba ta ɗago ba, "shi ya zo nan ya ɗauka?"

Jawabina ya ƙare a nan. Ta ɗauki akushin ta daɗe tana bin tsagar da babban yatsa. Na ga leɓenta yana motsi, ban san ko addu'a take ba ko sunayen matan da suka riƙe shi take kira.

"Itace ne, itace kuwa yana fashewa," ta ce. "Amma an ce min tun Juma'a yake zaune da miya a jikinsa."

Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Na koma gida na tabbata katangar nan ta zama ta dutse. Maigida kuwa, a daren ya wanke kofinsa da kansa.

Makonni suka wuce ban iya haɗa ido da ita ba. Sai wata Juma'a bayan azahar na ji sallama. Inna ce da kanta, da akushin a hannu. Ta kai wa gyartai ya ɗinke tsagar da waya, ta yi ta shafa masa mai har ya fara duhu, ko da yake bai koma yadda yake ba, bai kuma ƙara riƙe miya ba. Dambu ta zubo a ciki. Ta zauna muka ci. Da muka gama na miƙe zan kai shi ɗakin girki, sai ta ce in kawo ruwan nan gabanta. Na kawo roba, na tsuguna a tsakar gida, na fara wankewa tana kallo.

"Ba haka ba, 'yar nan. Bi ɗinkin a hankali. Hannu gare ki ko fartanya?"

Ban taɓa jin faɗa mai daɗi irin wannan ba, ban kuma taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Injin yana nan har yau, kuma ban ƙulla gaba da shi ba. Ranar suna ko sallah, idan kwanuka suka yi tuli, yana fid da ni kunya. Sauran ranaku faranti biyunmu nake wankewa a roba. Abin da na koya shi ne, injin yana wanke duk abin da aka ba shi ba tare da ya tambayi na wane ne ba. Wannan tambayar aikin mai hannu ce, kuma abin da aka miƙo maka don girmamawa ba a cike gurbi da shi. Akushin yanzu yana ɗakina, Allah ya ji ƙan Inna. Duk sanda na wanke shi, yatsana sai ya tsaya a kan wayar.