Jarrabawata da Agogon Baba

Abubuwa da yawa sun same ni a aikin ungozoma, na dariya da na kuka, kuma yawancinsu sun fara dushewa a kaina. Amma akwai wata Asabar ta tsakiyar azumi da ba na jin zan manta da ita ko da tsufa ya ci ƙarfina. Har yau in na tuna ta sai na ji raina yana tafasa, kamar jiya abin ya faru.

A lokacin ina aiki a ƙaramin asibitin Droum, wani gari a wajen birni, 'ya'yana biyu kuma suna gidan mahaifina a Zango, cikin Damagaram, wurin Inna. Maigidana malamin makaranta ne a birni. Sai ranar Juma'a da yamma nake shigowa, Lahadi in koma. Ƙaramar 'yata har ta fara yi min ƙyuya, in na miƙa hannu sai ta ɓuya bayan zanen Inna. Wannan ne ya sa na shiga wani karatu na shekara guda ta intanet, don da difilom ɗinsa kaɗai zan iya neman a dawo da ni matarnite, wato asibitin haihuwa, ta cikin gari, in zauna da yarana kamar kowace uwa. Jarrabawar ƙarshe sau ɗaya ake yin ta a shekara. A gida ake yi, a kwamfuta mai kyamara, ba a yarda da salula ba. Ana buɗe ƙofar shiga da hantsi, a rufe kafin azahar, wanda bai shiga ba sai baɗi.

Kwamfutar tawa a gidan Baba take zama, saboda rezo, wato layin sadarwar waya, a Droum sai ya ga dama. Don kada ta yi zaman banza na koya wa Baba yadda zai buɗe nabigatar, wato manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita, ya saurari tafsiri. Ya kuwa koya da wuri. Baba mai gyaran agogo ne tun ƙuruciya, kuma da agogon hannu ya daina tashe sai 'yan kasuwa suka koma kawo masa salula yana daidaita musu lokaci. Mutum ne da ko gaisuwar mutuwa ya je ya ga agogon bango ya karkace, ba zai tashi ba sai ya nemi kujera ya taka. Falonsa kuwa agogo ne jere a bango, kowane yana tafiya daidai da ɗan'uwansa.

Tunda azumi ya kama ban buɗe kwamfutar ba. Darussa sun ƙare, bita kawai nake yi da takardun da na buga na tafi da su Droum. Ranar jarrabawa na yi wanka, na sa mayafi mai kyau saboda kyamara, Inna ta kwashe yara zuwa maƙwabta don kada su dame ni. Na zauna a falon Baba, na haɗa kwamfutar da rezon salulata, na yi bismilla na danna shafin makarantar.

Sai ga wata alama ja mai kusurwa uku, da rubutun Faransanci a ƙasanta, wai hanyar da na biyo ba amintacciya ba ce, wai ɓarayi na iya sace min bayanai. Na rufe na sake buɗewa, haka. Na kashe kwamfutar na kunna, haka. Na gwada wani shafin daban, shi ma ja. Na ɗauki salula na buɗe shafin makarantar, ya buɗe tas, har da rubutun maraba ga masu jarrabawa. Wannan ya fi komai ƙona min rai, ga ƙofa ina gani amma an hana ni shiga ta inda aka ce in shiga.

Na ƙwala wa maigidana kira. Shi mutum ne da bai taɓa cewa bai san abu ba, ko ciwon naƙuda ka tambaye shi zai yi maka bayani. Ya leƙa allon, ko karantawa bai yi ba ya ce, "Kiredinki ne ya ƙare." Na ce in kuɗin katin ya ƙare, da wane kiredin salular take buɗewa? Ya ce ai kwamfuta ta fi salula ci. Ya fita ya sayo ya loda. Alamar ja ko gezau. Sai ya ce rezon ɗakin ne, muka kinkimi kwamfuta zuwa tsakar gida, daga nan zuwa zaure, daga zaure har gindin katanga, yana ɗaga salula sama kamar mai neman wata. Rana ta fara cizo, ga azumi a baki, ga mayafin da na sa don kyamara ya jiƙe sharkaf.

Duk wannan kai-komo Baba yana kishingiɗe a kujerarsa da carbi, rediyo a kusa da kunne. Lokaci-lokaci ya ɗago ya ce, "Uwata, a yi haƙuri, komai na da lokacinsa." Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake kirana haka. Ni kuwa lokacin ne nake kallo yana gudu a agogunansa, duk inda na juya ido sai na ci karo da ɗaya.

Da maigida ya ga abin ya fi ƙarfinsa, bai ce ya fi ƙarfinsa ba. Cewa ya yi bari ya je unguwar Kara-Kara ya aro kwamfutar wani abokin aikinsa. Ya hau kabu-kabu ya tafi. Ni kuma na kira ƙanena, wanda ke da shagon sayar da salula a bakin kasuwa. Magidanci ne da 'ya'yansa, amma in ya zauna gaban na'ura sai ka rantse shi ya ƙera ta. Ya shigo yana kaɗa makullin babur, ya ture ni gefe ya ce, "Yaya, matsa ki ga aiki. Birus ne, cutar kwamfuta, kullum sai an kawo min irinsa."

Na ce masa ya tsaya mu karanta abin da aka rubuta tukuna. Ya ce karatun me, ai duk maganarsu ɗaya ce. Ya shiga parametir, wato inda ake saita nabigatar, yatsunsa na gudu kamar mai kaɗa kalangu. Ya share tarihin shafukan da na taɓa buɗewa, bai yi ba. Ya share kukis da tarkacen da nabigatar ke ajiyewa, bai yi ba. Ya cire 'yan ƙananan manhajojin da ke maƙale da ita, har da ta ƙamus da nake fassara kalmomin likitanci da ita. Ya ce zai sauko da sabuwar nabigatar, shafin saukowar ma ya nuna masa ja. Sai ya fusata, ya koma wurin sharewa, ya bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya ya cike su duka da alama, ya zaɓi tun daga farko, ya danna. Na ce, "Me ka share yanzu?" Ya ce, "Komai da komai. Ta dawo sabuwa fil, wala, shi ke nan!" Ya sake buɗe shafin. Ja.

Nan na ji kamar in ɗora hannu a ka in yi ihu. Maigida ya bugo waya daga Kara-Kara, wai abokin ya tafi ƙauye da kwamfutarsa, amma kada in damu, zai gwada wani a wata unguwa. Na kashe wayar.

Na janye kwamfutar daga hannun ƙanena, na zauna na zuba mata ido. Ba wata dabara ce ta zo min ba, gajiya ce kawai. Na duba can ƙasa a kusurwar allo don in ga saura nawa a rufe, abin da tun safe ban yi ba, tunda ga agogo ko'ina a bango. Lokaci daidai yake. Amma kwanan watan da ke ƙarƙashinsa ya ce muna wata na tara. Mu kuwa a lissafin nasara muna wata na uku ne, zafi ma bai gama kankama ba. Na sake duban gargaɗin nan ja, sai ga shi a ƙasa cikin ƙananan haruffa an ambaci kwanan wata ƙarara. Tun safe yana nan, mu uku masu takardar makaranta babu wanda ya sauke ido ya karanta.

Na ce, "Wa ya taɓa kwanan watan na'urar nan?"

Baba ya rage muryar rediyo, hankalinsa kwance ya ce, "Ni ne na gyara shi. Ran da aka ga wata na duba na ga tana ta lissafin nasara. Na ce a gidana, cikin azumi? Sai na sa mata ɗaya ga watan tara, don kullum in na buɗe in san azumi nawa muka kai."

Na ce, "Baba, tun ranar kuna samun tafsirin kuwa?"

Ya ce, "A'a, tun ranar ta ƙi. Na ɗauka rezon ne shi ma ya ɗauki azumi, sai na koma rediyona."

Daga baya na fahimci abin. Kowane shafi yana da wata shaidar aminci mai wa'adi, nabigatar kuma da agogon kwamfuta take duba ko wa'adin ya wuce. Baba ya tura ta gaba wata shida, saboda haka duk shafin da ta gani sai ta ɗauka shaidarsa ta mutu. A lokacin dai ban tsaya fahimta ba. Nan da nan na mayar da kwanan wata ya riƙa saita kansa, na danna shafin, ya buɗe. Ƙanena ya buga tafi kamar shi ya yi aikin.

Sai shafin ya nemi kalmar sirri.

Kalmar nan ban taɓa haddace ta ba. Tun ranar rajista nabigatar ce ta ƙirƙiro ta, doguwa mai haruffa barkatai, ta adana min, kullum ita ke cikewa. Tana cikin komai da komai ɗin da ƙanena ya share. Na juyo na dube shi, ya dubi silin. Na danna neman sabuwa, aka ce an turo saƙo. Saƙo ya ƙi zuwa. Na sake nema, sai na farkon ya iso, na buɗe aka ce ya lalace tunda na nemi na biyu. Kafin na biyun ya iso in sa sabuwar kalma in shiga, ladanin unguwa ya fara gyaran murya. Shafin ya karɓe ni da sunana, ya gaishe ni cikin ladabi, ya sanar da ni an rufe shiga.

Ban yi kuka a wurin ba, takaici ya hana. Ƙanena ya tuna wai ya bar shago a buɗe, ya sulale. Maigida ya dawo da wata tsohuwar kwamfuta marar caja, yana tambaya ko an dace. Baba kuwa, ta yaya 'ya za ta ɗaga wa mahaifinta murya? Abin da na iya kawai shi ne na tattara kayana na koma Droum tun a yammacin nan, ban jira Lahadi ba, ban ma sha ruwa a gidan ba.

Ana cikin makon, ina duba masu awon ciki, wata abokiyar aikina ta leƙo ta ce ina da baƙo. Na fito na tarar da Baba zaune a ƙarshen bencin mata masu ciki, cikin babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, da rawani, ƙurar hanya har gira. Tsoho da azumi ya shigo motar kasuwa. A cinyarsa ga ƙullin goro da kwalbar turare.

Ya ce, "Uwata, nemi izini ki kai ni wurin mai jarrabawar nan. Ni na yi ɓarnar, ni zan ba shi haƙuri. In ya ga furfurata ba zai mayar da ni haka ba."

Na ce masa babu wani ofis da za mu je, makarantar ma ba a ƙasar nan take ba. Bai yarda ba. A saninsa duk abin da ya lalace tsakanin mutane, in dattijo ya sa riga ya taka da ƙafarsa, ana duba girmansa. Don in kwantar masa da rai na ce to mu aika saƙo ta salula. Muka fita bayan asibiti inda rezo ke ɗan kamawa. Ya riƙa faɗa ina juyawa da Faransanci: gaisuwa, da ban gajiya, da bayanin cewa yarinyar ba ta da laifi, tana da ƙananan yara a birni, shi ne tsoho ya taɓa abin da bai sani ba. Ban taɓa jin Baba ya ce bai san wani abu na agogo ba sai ranar. Na aika. Ko salular ban mayar jaka ba amsa ta shigo.

Fuskarsa ta washe ya ce, "Har ya karanta?"

Na ce, "Ba mutum ba ne, Baba. Na'ura ce ke amsawa. Ta ce wanda bai shiga kan lokaci ba sai zagaye na gaba, kuma kada a sake rubutowa nan, ba mai karantawa."

Ya riƙa juya ƙullin goron a hannu. Can ya ce, "To duk cikinsu babu dattijo ko ɗaya?"

A nan ne kukan da na riƙe tun Asabar ya ƙwace min. Haushinsa nake ji har lokacin, ba zan ɓoye ba, amma tausayinsa ya fi yawa. Na raka shi tasha, ya bar wa ma'aikatan asibiti goron, ya koma da turarensa. Ni kuma na ƙara shekara cur a Droum.

Abin da ranar ta koya min ba mai yawa ba ne, amma na biya shi da tsada. In na'ura ta ƙi aiki, kafin kowa ya danna komai sai an karanta abin da ta rubuta har ƙasa, sannan a tambayi mutanen gida wa ya taɓa ta, me ya canza. Duk wanda ya zo da niyyar share komai, ko ɗan'uwana ne, hannunsa nake fara riƙewa. In kuma akwai abu mai muhimmanci gobe, yau nake buɗe shafin in gwada. Mu mun saba in an yi kuskure a je a ba da haƙuri a wuce, amma a can ciki babu wanda zai dubi furfurar mahaifinka, saboda haka tun kafin a rufe ƙofa ake yin hattara.